Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Tara Ruwan Sama

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na ji daɗi da ka ce za ka fara tara ruwan sama a gida, don raina yana ɓaci in na ga ruwa mai kyau yana bin kwata, bayan wata biyu kuma ana nemansa ido rufe.

Fara da lissafi kafin ka sayi tanki. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 na rufi lita 1 yake bayarwa. In rufinka mita 10 ne a tsawo, 5 a faɗi, aka yi ruwan milimita 20, lita 1,000 ke nan, sai ka cire kashi 1 cikin 5 saboda fantsama da yoyo. Rufin kwano ya fi dacewa. Na ciyawa yana rina ruwa, wanda aka shafa wa fenti mai dalma kuwa kada ka kusance shi.

Indararon da zai bi bakin kwanon ka karkata shi wajen santimita 1 a kowace mita. In ya kwanta daidai, ruwa zai tsaya, ganye ya ruɓe a ciki. Ka sa raga a bakin bututun da ke saukowa.

Wurin da nake so ka fi natsuwa shi ne ruwan farko. Shi ke wanko ƙura, kashin tsuntsaye da na ƙadangaru, kuma in ya shiga tanki ya ɓata sauran, kwana kaɗan ka ji wari. Ka ware wajen lita 1 ga kowane murabba'in mita, wato lita 50 a rufin nan. Ka sa mahaɗa mai baki uku a jikin bututun, ɗaya daga cikin bakunan ya gangara cikin ƙaramin duro mai cin wannan lita 50. Sai duron ya cika ruwa zai wuce zuwa tanki. Ka sa ƙwallon roba a cikin duron, wadda ta fi bakin da ruwa ke shigowa girma, in ta taso ta toshe bakin, datti ba zai komo ba. Bayan kowane ruwa ka zubar da na duron, ko ka ba shuka. In ka bar shi cike, aikin ya tashi a banza.

Tanki ya zama wanda haske ba ya ratsawa, don rana ce ke kawo gansakuka. Murfi ya rufu ruf, har da kwaɗo saboda yara. Bututun ambaliya, wato wanda rarar ruwa ke fita ta cikinsa in tanki ya cika, ya kai kaurin na shiga, ka ɗaure masa raga mai ƙananan ido, domin sauro cikin mako guda zuwa kwana 10 yake tashi daga ƙwai. Famfo ya ɗara gindin tanki da santimita 10, laka ta kwanta ƙasa. Lita 1,000 tan guda ce cur, saboda haka a yi daɓen siminti shimfiɗaɗɗe, in ba haka ba gindin zai tsage.

Wanki, wanka da ban-ruwa ba matsala. Na sha kuwa, don Allah a tace, a tafasa ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko da ka gan shi garau. Kafin damina ta faɗi a share indararo, a wanke tanki.

Ka aiko mini da awon rufinka mu fitar da girman tankin tare. A gaida mutan gida.

Naka amini.