Tarwaɗa Za Su Cinye Ni

Argungu,
Jihar Kebbi.

Mutumina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya zaman Legas? Inna ta ce in tambaye ka ko kuɗin mota ne babu, sai mu yi maka karo-karo. Ni kuma bari dai in ba ka labari.

Kifin nan da ka yi ta mini dariya a kansa, wai ɗan garin da ake shiga kogin Matan Fada da homa da gora a fito da giwan ruwa shi ne zai koma ciyar da tarwaɗa a tankin siminti, to sun girma. Ina nan da su, su ma suna nan da aljihuna. Abinci kaɗai ke lashe kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin wannan kiwo, kuma buhun kamfani mai kilo 15, da zarar sun tasa, bai jimawa sai ka ga ana kakkaɓe shi.

Suna ƙanana ban yi wasa ba, na kamfani na ba su, mai ƙwayoyi masu girman milimita 2, domin a lokacin suna buƙatar furotin sama da kashi 40. Da bakinsu ya isa ɗaukar mai milimita 4 zuwa 6 sai na fara haɗa nawa: waken suya, ƙuli-ƙuli, garin busasshen kifi da ake kawo mini daga Yawuri, masara kaɗan, bitamin ɗinsu, da garin rogo don ya kama jikinsa. Waken sai an soya shi tukuna, ɗanye yana hana su narkar da abinci. Ƙulin kuma in ya yi fumfuna zubarwa ake yi, guba ce. Matar gida ta ce tunda aka ɗaura mana aure ban taɓa tsayawa kan tukunyarta yadda nake tsayawa kan kaskon waken nan ba.

Ka san dusar shinkafa ba ta wuya a Kebbi. Maƙwabcinmu, mai rigar nan da ka sani, ita yake ɗura wa nasa don araha. Je ka gan su, kai ƙato, jiki kamar bulala. Tarwaɗa ta fi karkata ga cin nama, dusa cika ciki kawai take yi. Na faɗa masa, ya ce yaushe na zama Sarkin Ruwa.

Af, ƙaninka ya sayar da babur ya shiga noman rani a fadama. Kada ka ce ni na gaya maka.

Damuwata yanzu hunturu. Ruwa ya yi sanyi, cinsu ya ragu, ga shi abincin da nake haɗawa nutsewa yake yi, ba ya yawo a sama irin na kamfani, balle in ga abin da suka ci da wanda suka bari. Sai hantsi ya ɗaga nake zuwa, in watsa cikin tafi ɗaya, in tsaya. In ruwa ya hautsine suna wawaso, in ƙara. Da sun fara sanyin jiki, in ɗaure bakin buhu. Abin da ya kwanta a ƙasa ruɓewa yake, ruwan ya ɗau wari, da safe ka tarar da su a tsaye, gashin baki a waje, suna haƙi. Ranar sai canjin ruwa, wato sai kuɗin fetur. In kuma ka rage musu abinci da yawa, manya su haɗiye ƙanana, shi ya sa nake ware su girma-girma.

Masu banda sun fara zagayowa suna taya mini, amma sai sun kai kilo guda zan saki. In ka zo biki akwai farfesunka, kai ɗaya, kada ka kwaso mini abokan nan naka.

Ka gaida uwargida da yara. Ka ce wa ƙaramar har yanzu ina jiran tukwicin takalmin.

Naka,
Mai Kifi, tunda haka kuka sa mini.