Zuwa ga mutumina na Kyoto

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Amarya da karatu.  Bari in fara da abin da ya ɗaga mini hankali.

Don girman Allah kada ka goge tsubar nan da ka samo, wato farantin ƙarfen da ke kare hannu a takobin Japan. Hoton da ka turo na zuba masa ido har shayina ya huce, sai kuma na ga a ƙasa ka rubuta wai za ka sa mata samfefa da lemon tsami ta yi ƙyalli kafin ka rataye a falo. Kai Bazazzage! Wa ya taɓa samun rawani ɗan Kura ya jiƙa shi a ruwan omo? Baƙin nan da ya lulluɓe ƙarfen shi ne darajarta, shi ke kare ta daga ruɓewa, kuma idan ka kankare shi ba zai dawo a zamaninmu ba. Jar tsatsa kaɗai ake cirewa, ita ma da tsinin ƙashi ko ƙaho, a hankali, sannan a riƙa murza ta da tsumman auduga. Ka nema mata ɗan akwatin katako kafin daminarku ta watan Yuni ta kama, laimar garin nan naku ba ta barin ƙarfe.

Ka ce mai tebur a kasuwar Toji ta ranar 21 ga wata ya kira ta Heianjo, wato aikin wani rukunin maƙeran tsuba na da. Zai iya yiwuwa, don aikinsu ke nan: farantin baƙin ƙarfe da aka dasa wa tagulla, rassa da ganye suna zagaye ramin da gindin takobi ke ratsawa. Kafin su akwai waɗanda ake kira Onin, sunan yaƙin da ya ɓarke a garin da kake zaune a 1467. Abin da ya tsaya mini a rai, ni da na tashi a gaban uwar maƙera, shi ne babu walda ko ɗigo. Maƙerin zai sassaƙa kwari da kurfi, ya sa cikinsa ya fi bakinsa faɗi, ya kwantar da zaren tagulla, ya bi da guduma har tagullar ta baje ta cika ciki ta kulle kanta. Na nuna wa Baba, ya ce a ƙara girman hoton, ya daɗe yana bin layin da ɗan yatsa, sannan ya ce wanda ya yi wannan ba ya gaggawa. Ka san Baba bai cika yabon aikin wani ba.

Af, Dogo ya yi aure! Ranar ɗaurin auren ya zo da babbar rigar nan da ka sani, kuma har yanzu yana cewa kai ne ka cinye masa kilishi a Kwanar Dangora. Inna ta ce in tambaye ka ko da gaske kake cin ɗanyen kifi.

To, ga abin da za ka duba mini, don jabu sun cika kasuwa, yawanci 'yan zubi ne da aka shafa wa ruwan zinare. Leƙa cikin ramukan: idan ka ga ɗan siririn layi ya bi tsakiyar kaurin ƙarfen, ko ƙananan huji irin na kumfa, zubi ne. A hotonka na hango wurin da tagulla ta faɗi ta bar kwarinta a fili, wannan ya faranta mini rai, don fenti ba ya barin kwari. Duba kuma saman babban ramin da ƙasansa, ko akwai guntun jan ƙarfe da aka cusa don ramin ya kama takobi daidai. Idan akwai, alama ce an taɓa ɗaura ta a takobi.

Ni dai tausayin maƙeran nan nake ji. A 1876 gwamnatinsu ta hana yawo da takobi, mutanen da suka gaji wannan sana'a kaka da kakanni suka wayi gari ba mai saye. Wasu suka koma yin akwatunan taba da kayan ado don Turawa. Mu ma nan da ba don hawan salla ba, da wa zai zo neman kube ko kayan doki?

Idan ka samu hutu ka je birnin Kumamoto, har yau akwai masu dasa zinare a baƙin ƙarfe. Nasu salon daban ne, suna karce fuskar ƙarfen da layuka ƙanana a gicciye, zinaren ya kama a kai. Ka ɗauko mini bidiyon hannun mai yin, kusa-kusa, musamman yadda yake riƙe kurfin. Ina so in gwada da azurfa a kan linzami kafin babbar salla.

Ka gaida Amarya, ka ce mata Hajiya ta karɓi turaren, tana godiya. Lambar Dogo ta canja, zan turo maka sabuwar, ka kira shi ka yi masa murna kafin ya fara ƙorafi.

Naka har kullum,
Abokinka na Kano