Gaisuwar Babbar Sallah daga Landan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kun yi Sallah lafiya. Allah ya karɓi layya, ya maimaita mana. A gaishe da Inna da kyau da kyau, da Gwaggo da duk mutan gida. Yaya damina? Auta ya ce gero ya fito a gonar gabas, Allah ya ba da mai albarka. Ɗan abin da na turo ta hannun Yaya, a cire wa yara goron Sallah, ragowar a sayi taki.

Mu nan ba a ba da hutu, sai da na nemi izini a wurin aiki. Layya kuwa kuɗi kake bai wa mahauci, a yanka a mayanka, ka je ka karɓo namanka a leda. Babu ƙaurin babbaka, babu suyar Inna.

Na ji Auta ya kai ƙarata cewa na koma kallon jirage, har Inna tana tambaya ko aikin ne ya ƙare. Aiki yana nan. Unguwarmu Hounslow tana maƙwabtaka da filin jirgin Heathrow, kuma akwai wani ɗan fili mai ciyawa a ƙarshen layin Myrtle Avenue inda jirage ke wucewa dab da rufin gidaje in za su sauka. Can na je bayan Idi. Tsofaffin Turawa ne suka fi yawa, kowa da filas ɗin shayi da madubin hangen nesa da ɗan littafin da yake rubuta lambar duk jirgin da ya gani. Hanyoyin sauka biyu ne a filin, ƙarfe uku na rana ake sauya wadda ake sauka a kanta don mutanen unguwa su huta da ƙara, sai ka ga kowa ya naɗe kujerarsa.

A wurinsu na koyi cewa jirgi ɗaya suna uku gare shi. Baba, kamar motar haya ce a tashar Ringim: garin da ɗan kamasho ke kira daban, lambar da ke jikin motar daban. Akwai lambar tafiya da ke kan tikiti, irin BA83 mai zuwa Abuja daga nan. Akwai kuma sunan da matuƙi ke kiran kansa da shi in yana magana da masu kula da zirga-zirgar sama, wanda sau da yawa ba ya kama da sunan kamfanin ko kaɗan. Na British Airways ba ya cewa British Airways, Speedbird yake cewa, sunan tambarin tsuntsu da suka gada daga tsohon kamfaninsu BOAC. Air Peace tamu Peace Bird ce. Na Afirka ta Kudu Springbok, wata irin barewa ta ƙasarsu. In jirgi na iya tashi da nauyin tan 136 ko fiye, sai a ƙara masa Heavy a ƙarshe, don iskar da yake bari a bayansa kan jijjiga ƙaramin jirgin da ya biyo shi kurkusa. A380 mai hawa biyu shi Super ake ce masa. Dokar ƙasar nan ba ta yarda kowa ya kama rediyon matuƙa ya saurara ba, don haka ni a waya nake dubawa, a manhajar bin sawun jirage ta Flightradar24, inda sunan ke fitowa da haruffa uku: BAW na Ingila, SVA na Saudiyya, MSR na Masar.

Na uku shi na fi so, wato lambar rajista da ke rubuce kusa da wutsiya. Ita ba ruwanta da inda za a je yau ko gobe, ƙasar da aka yi wa jirgin rajista take nunawa. G Ingila, HZ Saudiyya, 5U Nijar, 5N Najeriya. Da Air Peace ta fara zuwa Gatwick, wani filin jirgin na Landan, daga Legas a 2024, takanas na shiga jirgin ƙasa na je don in ga 5N da idona. Wani dattijo da na gaya wa daga Kano nake, ya ce ai a Kano jirgin sama ya fara sauka a Najeriya, a 1925. Shi da bai taɓa taka Afirka ba!

Kun tuna jirgin Kabo mai tozo da muka gani a filin Malam Aminu Kano shekarar da aka raka Kaka? Boeing 747 ne, inji huɗu. British Airways ta daina aiki da irinsa tun 2020, yanzu yawanci masu ɗaukar kaya ake gani.

To ga inda abin zai yi mana amfani. Kada a sake yin irin ta dawowar Gwaggo, da aka kwana biyu a bakin filin jirgi ana cin garin kwaki, ana jin jita-jita. In an sa wa ayarin su Kawu ranar tasowa daga aikin Hajji, Auta ya karɓi lambar tafiyar daga kan takardar shiga jirgi ya turo mini, ba sunan kamfani kawai ba. Lokacin aikin Hajji kamfanoni kan yi hayar jirage daga wasu ƙasashe, sai ka ga fenti da rajista ba na gida ba, amma lambar tafiya ba ta ɓata. Daga Jidda zuwa Dutse awa huɗu zuwa biyar ne. Da zarar na ga ya ɗaga zan kira, lokacin ya ishe ku ku sha mai ku isa a tsanake. Kafin nan kowa ya zauna a gonarsa.

Auta kuma, dabinon da Kawu zai kawo, a ajiye mini kasona.

A sa ni a addu'a. Wassalam.

Ɗanku,
daga Landan