A Koya wa Ƙananan Ma'aikata Shugabanci Kafin Manya Su Yi Ritaya

Malam Edita,

Bayan gaisuwa, ina roƙon fili in ja hankalin manyan sakatarori da daraktoci kan yadda ake barin ƙananan ma'aikata ba a koya musu riƙon ragama ba. A ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya, ma'aikaci kan ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, saboda haka kowane darakta ya san ranar tafiyarsa, amma kaɗan ne ke shirya magaji.

Gaskiya ne akwai cibiyar nazarin manufofi ta Kuru, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979, sai dai ita ta manyan jami'ai ce, gurabenta kuma kaɗan ne. A ofis ake fara koyon shugabanci: a miƙa wa ƙaramin jami'i mai matakin albashi na 08 fayil ya rubuta shawararsa, maigidansa ya zauna da shi da jan biro ya nuna masa inda hujjarsa ta yi rauni, ko a bar shi ya jagoranci taron sashe yayin da darakta ke gefe yana saurare. Abin takaici, wasu na ganin yin haka zubar da girma ne, har sukan kulle fayil a durowa sai sun dawo daga tafiya.

Ina kira ga Ofishin Shugaban Ma'aikata da ya sanya horar da na ƙasa cikin sharuɗɗan ƙarin girma na daraktoci.

Na gode.

Wani ma'aikacin gwamnati,
Kaduna.