A riƙa jin ta bakin marasa lafiya a asibitocin unguwa

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da ƙoƙari.

Dan Allah ku bani fili inyi magana akan ƙananan asibitocinmu na unguwa. Duk sanda za'a tattauna gyaran harkar lafiya a rediyo likita ake kira ko kwamishina, amma matar da take zuwa awo tun sassafe ta zauna kan benci har azahar ba mai tambayarta me ta gani, alhali ita ta san daren da ba nas a ɗakin haihuwa, ita aka cewa magani kyauta ne sannan aka turata kemis ta siyo.

Kuma ba wai tsarin ne babu ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko, wani kaso asusun asibitin yake shiga kai tsaye, kuma akwai kwamitin mazaɓa da yakamata ya sa ido. To a unguwarmu wallahi da yawa basu ma san da kwamitin ba, balle su san nawa ya shigo. A 2018 an ƙaddamar da kundin haƙƙin marasa lafiya, wanda na gani a bango da turanci yake, gefensa ga akwatin ƙorafi, tsohuwar da bata yi boko ba me zata rubuta?

Mun fa ga amfanin shawara da jama'a. A 2003 aka ƙauracewa rigakafin shan inna a Kano saboda mutane basu yarda ba, sai da aka jawo sarakuna da malamai da masu unguwanni da mata masu bi gida gida sannan abu ya miƙe, har a 2020 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar.

Roƙona a sa mata masu zuwa awo da ungozoma da naƙasassu a kwamitin nan, duk wata a zauna ƙofar mai unguwa a karanto kuɗin da ya shigo da inda aka kashe, ma'aikatan ma su faɗi nasu, dan suma suna fama da rashin wuta da ruwa. Ku kuma Malam Edita ku ware mana fili ko na minti 30 ne a sati, majinyata su bugo waya shugaban asibiti yana zaune ya bada amsa.

Nagode.
Mai sauraronku daga Kano