Zuwa ga mutumina na Yamai, kan kalmar learn

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Wata huɗu shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai ga saƙonka da Turanci, wai ka shiga ajin yamma saboda aikin nan da kake nema. Madalla. Sai dai tun a layin farko ka yi tuntuɓe: "My teacher learned me many words." Dogo ya gani, ya ce a gaya maka ka koma Faransancinka tun da sauran mutunci.

Ba laifinka ba ne, Hausa da Faransanci ne suka haɗu suka yi maka gadar zare. Mu muna cewa na koyi ɗinki, na koya masa ɗinki, tushe ɗaya. Apprendre ɗinku ma haka yake, ɗalibi na yi, malami na yi. Turanci kuwa ya raba su. Learn na mai karɓa ne kaɗai, mai bayarwa teach yake yi, in ya riga ya yi a ce taught. Ga yadda za ka riƙa kama kanka: duk inda mutum ya biyo bayan kalmar kai tsaye, me ko him ko the children, to teach ake nema. In kuma lallai sai ka ambaci malamin bayan learn, sa from a tsakani: "I learned it from my teacher." Gaskiya ne Turawan da sun yi amfani da learn da ma'anar koyarwa, har yau ana jin haka a bakin wasu mutanen Ingila, amma mai duba takardar jarrabawa jan biro zai zuba maka.

Sai study, wadda karatu ya ruɗe mu a kanta. Study shi ne zaman da littafi, wahalar kanta. Learn shi ne abin ya shiga kai ya zauna. Shi ya sa Bature zai ce "I studied all night but learned nothing", kuma bai yi tufka da warwara ba. Ka dai san wanda ya kwana da littafi a ɗakinmu na da, ya fito fayau. Fannin jami'a study ake yi masa, likitanci ko shari'a. Abin hannu kuwa learn ne, tuƙi, ɗinki, iyo, kuma to ke biyo baya: learn to drive. Jan harafin L ɗin nan da ake liƙa wa motar ɗan koyo daga learner ya fito.

Af, maganar tuƙi. Autan Hajiya ya sayi kurkura, kwana uku ya shige da ita cikin teburin mai shayin bakin layi. Ba wanda ya ji ciwo sai kiret biyu na ƙwai. Mai shayi ya rantse sai an biya shi har da na madarar da ba ta zube ba. Bikin Dogo kuma an sake ɗaga shi zuwa bayan Sallah, karo na uku ke nan, kada ka ce ni na faɗa maka.

Ina muka tsaya? Learned da learnt duk daidai ne. Amurka learned take rubutawa, Ingila na yin duka biyun. Zaɓi ɗaya ka riƙe, kada ka gauraya su a takarda ɗaya. Amma akwai wata learned ɗin daban mai nufin masani, ita gaɓa biyu ake furta ta, kamar "lanid". Ita ce lauyoyi ke jifan juna da ita a kotu, "my learned friend", ko da kuwa kamar su cinye juna.

Wadda za ta fi yi maka amfani a ofis ita ce learn ta samun labari. "I learned that the meeting was cancelled" ba koyo ba ne, labari ne ya iso maka cewa an soke taron. A takardar ta'aziyya za ka ga "I was sorry to learn of his death". Hadda kuwa learn by heart ce, irin ta allo. In hadda ce ta aku, baki na faɗa kai bai gane ba, by rote ake cewa. Wanda kuma ya ƙi ji har ya gani, shi ne ya yi learn the hard way, kamar autan Hajiya.

Akwai wata tambaya a ƙarshen saƙonka, ta shige min, sake turowa. In mai zuwa Kano ya samu, a ɗauro min kilishi, mai yaji, ba irin na bara ba da yara suka cinye kafin in dawo daga masallaci. A gaida uwargida, a shafa min kan yara.

Naka har kullum,
abokinka na Kano