Babana, ka rabu da babur ɗin nan

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan gida lafiya lau, sai tarin Innarka da ya dawo da shigowar hunturu. Saƙon da ka aiko ya iso, Allah ya yi maka albarka.

Ba wannan ne ya sa na zauna rubutu ba. An gaya mini, kuma kada ka tambaye ni wa ya faɗa, cewa kuɗin sa hannu da kulob ɗinku ya ba ka babur ka saya da su, irin mai ƙarar nan, kuma bayan atisaye kana hawa babban titi da shi da daddare, ko hular kwano babu. Tun ranar da na ji, barcina ya zama rabi da rabi.

Ni ma ina da laifi a ciki. Ni na cika maka kunne da labarin Dixie Dean, tsohon ɗan ƙwallon Ingila, tun kana buga ƙwallon tsumma a ƙofar gida. Na gaya maka Everton ta sayo shi daga Tranmere a 1925 kan fam 3,000, yana ɗan shekara 18. Na gaya maka ƙwallo 60 da ya ci a gasar Ingila a kakar 1927 zuwa 1928, a wasa 39 kacal, da yadda ya shiga wasan ƙarshe da Arsenal yana neman uku kafin ya wuce tarihin ƙwallo 59 da George Camsell ya kafa, kuma ya ci ukun. Har gobe ba wanda ya kamo shi a babbar gasar Ingila. Haaland ɗin da kuke ta yayi 36 ya ci. Kana jin wannan sai ka tashi ka dinga yi wa bangon zaure ƙwallo da ka, har kakarka ta fito da muciya.

Abin da na ɓoye maka shi ne shekarar 1926. Na ga kai yaro ne, ban so in ɓata maka labari. A shekarar nan Dean ya yi haɗari da babur kusa da Holywell a arewacin Wales. Ƙoƙon kansa ya tsage, muƙamuƙinsa ya karye, likitoci ma ba su sa ran zai sake taka leda ba. Kan nan da duniya ta san shi da shi, wanda yake tashi sama ya doka ƙwallo cikin raga, shi ne ya fashe a kan titi. Yana ɗan shekara 19, kamar kai yanzu. Da kwanansa ya ƙare ranar, babu 60, babu kofin gasa na 1928 da na 1932, babu kofin FA na 1933 da ya ɗaga sanye da lamba 9.

Na san ka, za ka ce ai ya tashi. Ya tashi, da ikon Allah. Wa ya ba ka takardar cewa kai ma za ka tashi? Kawunka ya tashi? Kai ka riƙe mini ledar ƙarin ruwa a asibitin ƙashi, da idonka ka ga gadajen nan jere, kusan duk samari. Ko ka manta? Na tsaya maka a gaban dangi lokacin da kowa ke cewa boko ko kasuwa, na sha maganganu a kan na bar ka ka bi tamaula. Ban yi haka don a kawo mini kai a bayan a-kori-kura ba. Ƙafar nan da kan nan su ne jarinka, ba ka da wani.

Ka yi haƙuri in na yi zafi. Ban hana ka jin daɗin guminka ba. Dean a zamaninsa doka ba ta yarda a biya ɗan wasa fiye da fam 8 a mako ba, bayan ya ajiye ƙwallo sai da ya nemi wani aikin don ya ci abinci. Kai Allah ya kawo ka lokacin da ƙwallo ke gina gida. Ka sayar da babur ɗin, ka hau motar kulob tare da 'yan'uwanka, abin da ya rage ka ajiye.

Ban gaya wa Innarka ba tukuna, kuma ba na son ta ji a bakin wani. Ta ba direban da zai taso ranar Asabar yaji da kilishi, ka je tasha da wuri. Ka kira ni bayan sallar Juma'a, ina so in ji da bakinka cewa an sayar.

Mahaifinka.